Jan layi kaɗai bai isa ba, a haɗa mana da ƙamus

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar rubutu a kwamfuta ya fara buga Hausa ya san abin da ke biyo baya. Kafin ya kai ƙarshen sakin layi na farko shafin ya yi ja wur, kusan kowace kalma da jan layinta a ƙasa, domin manhajar tana auna rubutun da jerin kalmomin Ingilishi ko na Faransanci. Yawancinmu mun saba, ko dai mu kashe abin gaba ɗaya ko mu kau da kai mu ci gaba. Shi ya sa ake yawan kira ga masu ƙera manhajoji su saka mai duba rubutu na Hausa, kuma ina tare da masu wannan kira. Sai dai ina da sharaɗi. Manhajar da za ta ja wa kalma layi ta ce kuskure ce, dole ta iya buɗe ƙamus a wurin ta nuna dalili. Idan aka ce ɗaya kawai za a iya yi a yanzu, ni ƙamus zan zaɓa, jan layin ya jira.

Kafin in kawo hujja, ya kamata a san yadda mai duba rubutu yake aiki, don mutane da yawa suna ba shi girman da bai kai ba. Abin ya daɗe. A 1971 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford ta Amurka mai suna Ralph Gorin ya rubuta manhajar SPELL, wadda take duba rubutun Ingilishi ta kuma ba da shawarar gyara. A cikin shekarun 1970 ɗin nan Douglas McIlroy na cibiyar bincike ta Bell Labs ya yi dabarar cusa kalmomi kusan 30,000 a cikin injin da ma'ajiyar da yake aiki da ita ba ta wuce kilobait 64 ba. Ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce cire ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya ya ajiye saiwar kalma kawai. Jan layin nan da muka sani, wanda yake fitowa tun mutum yana cikin bugawa, ya shigo Microsoft Word ne a 1995. Duk da wannan tsawon zamani, ginshiƙin aikin bai canza ba: a yanka rubutu kalma-kalma, a nemi kowace a cikin jeri, wadda ba a samu ba a ja mata layi. Kamar mai gadi ne da aka ba takardar sunaye aka tsayar a bakin ƙofa. Wanda sunansa ke ciki ya wuce ko da ba shi aka gayyata ba, wanda babu sunansa ya tsaya a waje ko da shi ne mai gidan.

Shawarar gyara ma lissafi ce mai sauƙi. Fred Damerau, wani mai bincike a kamfanin IBM, ya nuna a 1964 cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na kurakuran da ya bincika ɗaya ne daga cikin abu huɗu: an ƙara harafi, an bar harafi, an musanya harafi da wani, ko an juya haruffa biyu da ke maƙwabtaka. Saboda haka idan manhaja ta ga kalmar da ba ta sani ba, sai ta gwada waɗannan sauye-sauye ta ga ko za ta faɗa kan wadda ta sani. Wanda ya buga “makatanta” za a kawo masa “makaranta”, don harafi ɗaya ne tsakaninsu. Wannan yana da amfani ƙwarai, ba na raina shi. Yatsa yana zamewa, ido kuma yana karanta abin da zuciya ta yi niyyar rubutawa, ba ya ganin abin da hannu ya buga.

To amma a duba irin kurakuran da suka fi yawa a rubutun Hausa na yau. Kaɗan ne daga cikinsu na zamewar yatsa. Babban ɓangare na haruffa masu ƙugiya ne, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda allon madannai da yawa ba su da su. Mutum ya rubuta “shugaban kasa”. Mai duba rubutu zai nemi “shugaban” ya samu, ya nemi “kasa” ya samu, domin kalma ce ta Hausa tsaf, ana cewa ya kasa tashi, akwai kuma macijiya mai wannan suna. Babu jan layi. Haka “an tarbi baki”, haka “ya ji ciwo a kafa”, haka “ya kara da cewa”. Kowace a cikinsu kalma ce halattacciya da ta zauna a gurbin wata. Jeri, komai kyansa, ba zai kama ko ɗaya ba, kuma marubucin zai tashi da tabbacin cewa kwamfuta ta duba masa ta ga babu laifi. A ganina wannan ya fi rashin mai dubawar muni, don da babu shi da mutum ya sake karantawa da kansa.

Ɗauki wannan jimla: “Ya bata kudi.” Manhaja za ta iya gane cewa “kudi” na bukatar ƙugiya ta mayar da shi “kuɗi”. Amma “bata” fa? Idan “ya ba ta kuɗi” ake nufi, mutumin ya yi alheri. Idan “ya ɓata kuɗi” ne, almubazzari ne. A lissafin Damerau gyare-gyaren biyu nisansu ɗaya: ko a saka sarari, ko a musanya harafi. Babu abin da ke cikin haruffan da zai raba gardama. Wanda ya san abin da ake nufi shi ne marubuci, kuma abin da yake bukata shi ne a ajiye masa zaɓin biyu, kowane da ma'anarsa da misalin jimla, ya ɗauki nasa. Wannan aikin ƙamus ne.

Wancan misali ya taɓo ɗaya babbar matsalar, wato raba kalmomi da haɗa su. Ƙa'idar daidaitacciyar Hausa ta ce a haɗa “yana” da “suna” da “yake”, a raba “za a” da “ba a”, a manne wakilin suna na mallaka kamar a “gidansa” da “motarta”, a ware na karɓau kamar a “ya gan shi”. Marubuta da yawa, har da waɗanda suka yi shekaru suna buga littattafai, suna rubuta “ya na” da “gidan sa” da “za'a”. Mai duba kalma ɗaya-ɗaya zai ga “ya” daidai, “na” daidai, “gidan” daidai, “sa” daidai, ya wuce abinsa. Kama irin wannan sai da dokokin da ke kallon kalma da maƙwabciyarta, irin waɗanda manhajar LanguageTool take amfani da su a harsunan da take dubawa, inda masu sa kai suke rubuta dokokin ɗaya bayan ɗaya. Kuma ko an kama, me za a ce wa marubucin? Wanda ya yi shekara ashirin yana rubuta “gidan sa” ba zai daina ba don layi ya fito. Zai ɗauka kwamfutar ce ba ta iya Hausa ba, kamar yadda ya saba gani. Amma idan ya danna ya ga bayani a layi biyu cewa mallaka ana manne ta, ga misali uku, akwai yiwuwar gobe ya rubuta daidai ba tare da an tuna masa ba.

Akwai masu cewa duk waɗannan kayan aiki suna kashe zuciya, yara ba za su koyi ƙa'idar rubutu ba tunda inji zai gyara musu. Ina ganin akwai gaskiya a maganar, amma ta shafi abu ɗaya ne kawai, wato gyaran da manhaja take yi da kanta ba tare da ta tambaya ba. Shi wannan ba ya koya wa kowa komai, don mutum bai ma san an gyara ba. Kuma yana da tarihin ɓarna. Akwai lokacin da jerin wasu manhajoji bai ƙunshi kalmar Ingilishi mai nufin haɗin kai ba idan an rubuta ta babu karan ɗori, sai su ba da shawarar Cupertino, sunan wani gari a Kalifoniya inda hedikwatar kamfanin Apple take. Mutane suka riƙa amincewa ba su duba ba, har sunan garin ya shiga takardun Majalisar Ɗinkin Duniya da na Tarayyar Turai a wuraren da ake maganar haɗin kai tsakanin ƙasashe. Wannan a harshen da aka fi kowane kashe wa kuɗi ke nan, kuma a lokacin ma sai mutum ya danna kafin a canza. Ina ga harshen da jerinsa bai gama nuna ba, kuma aka bar manhaja ta canza da kanta? Garin neman gira za a rasa ido. Ra'ayina shi ne a bar gyaran kai-tsaye a kashe tun daga farko, wanda yake so ya kunna da hannunsa.

Wani ƙaramin gyaran kai-tsaye ma yana nan yana yi mana ta'adi kullum ba a lura. Manhajojin rubutu suna mayar da miƙaƙƙiyar alamar hamza ta zama lanƙwasasshiya don ado, kuma suna zaɓar gefen da za ta fuskanta bisa ƙa'idar Turanci. Idan alamar ta zo a farkon kalma, sai su ɗauka zance za a buɗe. Shi ya sa za ka ga “'yan” da “'ya'ya” sun fito da alamar farko tana kallon baya. A ido ƙaramin abu ne, amma a wurin kwamfuta haruffa ne daban-daban masu lambobi daban-daban. Wanda ya nemi kalmar a cikin dogon rubutu zai iya samun rabi ya rasa rabi. Mai duba rubutun da ba a gaya masa cewa hamza harafi ce a Hausa ba kuwa zai iya datsa “sana'a” gida biyu ya tafi neman “sana” a jeri. Irin wannan gyaransa ba wuya, amma sai mai ƙera manhajar ya zauna da wanda yake rubuta harshen.

Ba sai an fara daga tushe ba. Akwai Hunspell, injin duba rubutu wanda László Németh ya ƙera saboda harshen Hungariya mai yawan ɗafe-ɗafe, ya shiga OpenOffice.org a 2006, yanzu kuma LibreOffice da Firefox da Chrome duk suna amfani da shi. Kyauta ne, kowa yana iya duba cikinsa. Fayil biyu yake nema: ɗaya na kalmomi, ɗaya na dokokin ɗafi. A na biyun ana iya gaya masa cewa k da ƙ 'yan uwa ne, ya fara gwada musanya su kafin ya tafi nesa, ana iya gaya masa ya ɗauki alamun hamza duka a matsayin abu ɗaya, ana iya rubuta cewa sunan da ya ƙare da kaza yana karɓar -n ko -r sannan -sa, -ta, -mu, -ku, -su. Injin yana nan a shirye. Wahalar tana cikin abin da za a zuba masa.

Jam'in Hausa kaɗai ya isa ya nuna haka. Gida, gidaje. Doki, dawaki. Littafi, littattafai. Sarki, sarakuna. Zuciya, zukata. Babu doka ɗaya da za ta fitar da waɗannan, azuzuwan jam'i sun haura goma, wasu kalmomin ma jam'i biyu ko uku gare su kuma duk ana faɗa. Aikatau kuma yana da giredi bakwai, wato siffofin da yake ɗauka, a tsarin da masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya shimfiɗa, ga saya, sayi, saye, sayo, sayar, sayu, ga ninki irin su sassaya. Dole mutum ya zauna ya rubuta wa kowace kalma danginta. Abin lura shi ne, wannan aikin da mai duba rubutu yake bukata shi ne dai wanda ƙamus yake bukata. Idan mai karatu ya danna “zukatansu”, ba zai sami komai ba sai manhajar ta san cewa ta cire -su, ta cire -n, ta gane “zukata” jam'in “zuciya” ne, ta buɗe can. Wanda ya gina wannan taswira ya riga ya gama rabin aikin mai duba rubutu. Wanda kuwa ya tara jerin kalmomi zalla, babu aji babu jinsi babu ma'ana, bai ɗauko hanyar ƙamus ba ko kaɗan. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa a fara da ƙamus, shi ne hanya mafi tsawo amma sau ɗaya ake bin ta.

Na san hanyar da ta fi jan hankalin masu manhaja, domin ita ce mai arha: a saki inji ya kwaso rubutun Hausa daga intanet, a ƙirga kalmomi, waɗanda suka fi yawa a ce su ne daidai. Matsalar a fili take. Rubutun da babu ƙugiya ya cika intanet, haka “za'a” da sauran danginsa. Jerin da aka tara ta haka zai ɗauki kuskuren da ya fi yawa ya buga masa hatimi, wataƙila ma ya ja wa daidai layi. Ƙirgar tana da amfani wajen sanin kalmomin da ake yawan amfani da su da sababbin da suka shigo, amma sai an tace da idon wanda ya san ƙa'ida.

Kwashe tsohon ƙamus a juye ma ba mafita ba ce. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 taska ne, kalmominsa sun doshi 39,000, da na karuruwan harshe daban-daban da waɗanda yau sai a bakin tsofaffi. Wajen neman ma'ana ina so a saka shi duka, da na R. C. Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wanda yake fassara Hausa da Hausa. Amma wajen jan layi, yawan kalmomi illa ne. Duk wata baƙuwar kalma da aka saka a jeri ta zama maɓoyar kuskure, don idan yatsa ya zame ya faɗa kanta manhaja za ta yi shiru. Saboda haka abu biyu ake so daga rumbu ɗaya: ƙamus mai faɗi da zai amsa duk abin da aka tambaye shi, da jeri matsattse na kalmomin yau da kullum wanda za a auna rubutu da shi. Kalmar da take ƙamus amma ba ta cikin matsattsen jeri, a yi mata wata alama mai laushi, a ce akwai ta amma ba kasafai ba, ko ita kake nufi?

Ƙamusun cikin manhaja zai kuma yi abin da rubutunmu na yau da kullum ba ya yi. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali, don haka “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala rubutunsu ɗaya, “kai” kuwa ya haɗa ma'anoni da dama. Ɗan asalin harshe ba ya tuntuɓe a nan, amma mai koyo da mai fassara da yaron da ya tashi a wata ƙasa suna yi. Ƙaramin akwati da zai buɗe a gefen kalma ya jera ma'anonin da alamun sauti da jinsi da jam'i ya wadatar.

Saura batun da ya fi kowane nauyi a wurina: wa zai yanke cewa kaza ne daidai? Ƙa'idar rubutun boko ba ta sauko a dunƙule ba. Hanns Vischer, Bature jami'in ilimi a Arewacin Nijeriya, ya fitar da dokokinsa a 1912, haruffa masu ƙugiya sun samu gindin zama a shekarun 1930, an zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an sake zama bayan nan, kuma har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y. Ga Sakkwatanci da Katsinanci da sauran karuruwa, waɗanda marubucin labari yake da cikakken haƙƙin saka su a bakin mutanen labarinsa. Littafin ƙa'ida yana kan kanta, sai wanda ya ga dama ya buɗe. Jan layi kuwa yana gaban mutum kullum, yana maimaita hukuncinsa sau dubu a rana. Duk wanda ya rubuta jerin ya samu ikon da babu wata hukumar harshe da ta taɓa samu, kuma idan kamfani ne ya rubuta shi a rufe, babu wanda zai san a kan me ya dogara, balle ya ƙalubalance shi.

Wasu harsunan sun riga mu fuskantar wannan. Bayan gyaran rubutun Faransanci na 1990, Word ya bar wa mai rubutu zaɓi: tsohon rubutu, sabo, ko duka biyun. Ingilishin Ingila da na Amurka kowane da jerinsa. Babu abin da zai hana a yi wa Hausa haka, a samu na Nijeriya da na Nijar, a kuma ba marubuci damar ya shata wani yanki na rubutunsa ya ce wannan karin harshe ne, ko aya ce ta Larabci, ko sunan magani ne, kada a taɓa. Rubutunmu da wuya ya zo da harshe ɗaya tsantsa, manhajar da ba ta yarda da haka ba za ta koma cika shafi da ja, mu kuma mu koma kashe ta.

Ina kuma so duk wannan ya yi aiki a cikin na'urar mutum ba sai da intanet ba. Dalili na farko sananne ne, ba kowa ke da sadarwa a kowane lokaci ba. Na biyu shi ne sirri. A 2022 masu binciken tsaro sun nuna cewa ingantaccen tsarin duba rubutu na Chrome da na Edge, idan an kunna shi, yana aika abin da mutum ya buga zuwa kwamfutocin kamfanonin, a wasu yanayi har da kalmar sirri. Wasiƙar lauya da rahoton likita da jarrabawar da malami yake shiryawa ba su da dalilin barin kwamfutar mai su don kawai a duba ko an saka ƙugiya. Ƙamus na rubutu zalla ba shi da nauyin da zai gagari wayar hannu ta yau.

Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki aikin. Masu manhaja ba za su iya su kaɗai ba, malaman harshe ma haka. Sassan Hausa na jami'o'i suna da masana da ɗalibai da ƙamusoshin da aka riga aka wallafa, gidajen jarida da na rediyo suna da tarin rubutun da editoci suka tace. Abin da nake roƙo shi ne a fitar da rumbun kalmomin a ƙarƙashin lasisin da zai bar kowa ya ɗauka ya saka a manhajarsa, babba ko ƙarama, a rubuta sunan kwamitin da ya tace shi da ƙa'idar da ya bi, a saka wa kowane fitowa lamba da kwanan wata. A kuma buɗe wurin da malamin firamare ko mai fassara zai aika ya ce kalma kaza ta ɓace, ko jam'in kaza ba haka muke faɗa ba, a amsa masa a fili inda kowa zai karanta, ko an karɓa ko an ƙi.